Faifan farko na Crosby, Stills & Nash: me ya kamata kunne ya nema a cikinsa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka daɗe suna sauraron kaɗe-kaɗen Amurka na shekarun 1960. Na nemi faifan farko na Crosby, Stills & Nash, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a watan Mayun 1969, saboda duk inda aka yi zancen haɗin murya sai an ambaci sunansa. Na saurare shi, kuma ya yi mini daɗi daidai gwargwado, amma kunnena bai kama dalilin da ya sa ake fifita shi a kan takwarorinsa ba, domin abin da nake ji kawai shi ne maza uku suna rera waƙa cikin sanyi bisa kiɗan gita. Mene ne ya kamata in kasa kunne in ji, kuma da wace waƙa ya fi dacewa in fara?

Tsohon Mai Garmaho ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka tana kan hanya. Kunnen da ya tashi da waƙar Mamman Shata ya saba da tsarin jagora da 'yan amshi, inda mai waƙa zai kawo baitinsa, sauran kuma su karɓa masa. A wannan faifai babu wanda yake jiran wani. Su ukun suna furta kalma guda a lokaci guda, amma kowa yana kan tasa muryar: Graham Nash yana can sama da siririyar murya, Stephen Stills yakan riƙe asalin karin waƙar da muryarsa mai ɗan kaushi, David Crosby kuma yana ratsawa a tsakaninsu. Idan mutum bai san haka ba, sai ya ji su kamar murya ɗaya mai kauri, ya wuce.

Shawarata ita ce ka fara da "Helplessly Hoping", domin babu komai a cikinta sai gita guda da muryoyi uku. Idan an zo wajen amshinta za ka ji murya ɗaya ta fara, ta biyu ta hau kanta, sannan ta uku ta shigo ta cike gurbin, har ka ji yadda ake ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Ka maimaita ta, kowane karo ka zaɓi mutum guda ka bi shi shi kaɗai. Nash ba zai ba ka wahala ba, haka ma Stills. Crosby ne zai riƙa ɓace maka, saboda ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da sauran. Wani lokaci yakan tsaya wuri guda alhali su suna hawa da sauka, wani lokaci kuma ya motsa su suna tsaye. A ganina duk daɗin faifan yana wurin wannan murya ta tsakiya, kuma ranar da ka iya bin ta daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, ranar ce ka fara jin faifan.

Abin da ya ƙara ba mutane mamaki a lokacin shi ne ba 'yan gida ɗaya ba ne kamar Everly Brothers, wa da ƙani mawaƙan Amurka waɗanda jini ya daidaita musu murya, kuma su ne Nash ya taso yana kwaikwayo a yankin Manchesta. Crosby an sallame shi daga ƙungiyar Byrds a 1967, ƙungiyar Stills ta Buffalo Springfield ta watse a 1968, shi kuwa Nash yana cikin Hollies a Ingila amma ransa ya fita daga irin waƙoƙin da suke yi. Sun fara haɗa murya ne a 1968 a unguwar Laurel Canyon da ke Los Anjeles. Crosby da Stills suka rera "You Don't Have to Cry", Nash ya roƙe su su sake, suka sake, a karo na uku ya ɗora tasa a sama. Su kansu ba su daina gardama a kan gidan da abin ya faru ba: Stills ya tsaya a kan cewa gidan mawaƙiya Cass Elliot ne, sauran biyun suka ce na mawaƙiya Joni Mitchell ne.

'Yar Gidan Rediyo ta amsa:

Baba, na yarda da bayaninka a kan muryoyin, amma ina ganin an rage wa Stills haƙƙinsa. Da muryoyin kaɗai ne, da faifan ya gundiri mai sauraro tun kafin a kai rabinsa. A ɗakin ɗaukar sauti na Wally Heider, Stills ne ya kaɗa mafi yawan kayan kiɗan da ake ji, daga gitar da ke jan waƙa har zuwa bas da ogan, yana ɗora wani a kan wani, Dallas Taylor kuma yana kan ganguna a yawancin waƙoƙin.

Malam mai tambaya, bayan ka gama da waƙar da Baba ya ba ka, ka koma ta farko a faifan, wato "Suite: Judy Blue Eyes". Ta haura minti 7, kuma Stills ya rubuta ta ne a daidai lokacin da soyayyarsa da mawaƙiya Judy Collins take rushewa. Kashi huɗu ce aka ɗinke wuri guda. Tana farawa da sauri, sai ta lafa har ka ji kamar mai waƙar yana magana da kansa, sai gitar ta sake ɗaukar zafi, sannan a rufe da wani yanki mai armashi inda Stills yake rera baituka da harshen Sifaniyanci a kan ƙasar Kyuba, abin da ba zai zama baƙo ba ga wanda ya san ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Kosta Rika. Ka lura da ƙugin da ke ƙarƙashin gitar tun daga bugun farko. Ya samo shi ne ta hanyar ɗaure yawancin tsirkiyoyin a kan sauti iri guda, shi ya sa take amo kamar ba za ta numfasa ba, kuma a kan wannan amon ne muryoyin suke zaune daram.

Hujjata ita ce abin da ya biyo baya. Da lokacin fita wasa gaban jama'a ya yi, sai aka ga mutum ɗaya ba zai iya kaɗa duk abin da ya kaɗa a faifai ba, dole aka nemo ƙarin hannu, aka shigo da mawaƙi kuma makaɗin gita Neil Young. Wasansu na biyu ke nan suka tsinci kansu a babban taron kiɗa na Woodstock a watan Agustan 1969. Ba kuma kowace waƙa ce ta kai sauran ba. Ni dai "Lady of the Island" ba ta taɓa riƙe ni ba.

Ɗalibin Gita ya amsa:

Yaya, a nan kam mun rabu, domin waƙar da kika ambata tana cikin wuraren da aka fi jin Crosby da Nash su biyu kurum suna zagaya juna. Amma abin da ya kawo ni shi ne kalmar sanyi da mai tambaya ya yi amfani da ita. Sanyin a murya yake, maganar da ke ciki kuwa tana da zafi. Crosby ya rubuta "Long Time Gone" ne saboda kisan ɗan siyasar Amurka Robert Kennedy a watan Yunin 1968, kuma shi ne yake jan ta da murya mai cike da ɓacin rai. "Wooden Ships", wadda Crosby da Stills suka rubuta tare da Paul Kantner na ƙungiyar Jefferson Airplane, labarin waɗanda suka tsira ne bayan yaƙin nukiliya, kuma tana buɗewa da mutum biyu daga ɓangarorin da suka gwabza suna tambayar juna. An yi ta ne ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, matasan da suka sayi faifan kuwa su ne ake kira aikin soja.

Akwai kuma "Marrakesh Express", wadda Nash ya samo daga tafiyar da ya yi a jirgin ƙasa daga Kasablanka zuwa Marrakesh a Maroko a 1966. Hollies ba su ga darajarta ba, sai ga shi ita ce waƙar farko da sabuwar ƙungiyar ta fitar a ƙaramin faifai na musamman, ta kuma samu karɓuwa. Faifan ya kai mataki na 6 a jerin Billboard na faifan da suka fi kasuwa a Amurka, kuma a 1970 aka ba su lambar Grammy ta sababbin mawaƙa.

Idan kunnenka ya saba, Malam, ka gwada "Guinnevere". Ita ce mafi wuyar bi, saboda Crosby ya sauya ɗaurin gitarsa, ma'aunin bugun kuma yana canzawa a tsakiyar waƙa, har shahararren makaɗin jaz Miles Davis ya ɗauke ta ya yi nasa salon da ita. Sai dai kada ka saurare ta ta lasifikar waya, domin ƙaramar lasifika tana haɗiye murya ta ƙasa, ta bar maka ta Nash kaɗai. Ka sa abin sauraro a kunnuwa biyu, a wurin da babu hayaniya.