Lasisin kamun kifi yana aljihuna, amma mai gadi ya ce in naɗe fatsata: ku ma kun gamu da wannan?

Baban Yara:
Salamu alaikum jama'a. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki yarana biyu muka tafi wani tafki da ke cikin lambun shaƙatawa kusa da mu a nan Ingila. Na riga na sayi lasisin fatsa na wata 12 ta intanet, yaran kuwa ba su kai shekara 13 ba, doka ba ta neme shi a wurinsu ba. Ko minti ashirin ban yi da jefa ƙugiya ba sai ga mai gadi. Na fito da waya ina nuna masa lasisi da ƙwarin gwiwa, ya duba ya ce daidai ne, amma wannan na gwamnati ne. Tafkin kuwa wata ƙungiyar masu fatsa ce ke riƙe da shi haya, sai na sayi tikitin yini daga hannunsu. Bai ci ni tara ba, amma kunyar da na sha a gaban yara ta fi tarar. Don Allah duk wanda ya taɓa fita kamun kifi a irin waɗannan wurare ya faɗa mana yadda abin yake a inda yake zaune.

Tsohon Masunci:
Wa alaikumus salam. Malam, ka gode Allah da ka haɗu da mai sauƙin kai. Lasisin nan izinin riƙe fatsa ne kawai, bai ba ka ruwan kowa ba. Kowane tafki ko yankin kogi yana da mai shi, ko ƙaramar hukuma, ko ƙungiya, ko wani manomi. Da lasisin ne ma ba ka da shi, tarar tana iya kai fam 2,500 idan aka je kotu.

Ni abin da ya kusa kayar da ni lokacin rufe ruwa ne. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kama yawancin kifin ruwan daɗi a kogunan Ingila, don lokacin zuba ƙwansu ne. Shekarata ta farko na fita a watan Afrilu, na tarar da gaɓa fayau ba kowa, har ina murna na samu wuri ni kaɗai. Wata dattijuwa mai yawo da kare ce ta tsaya ta ce mini, "Ba ka san an rufe ba?" Na tattara nawa ya nawa ban ko waiwaya ba. Yawancin tafkuna da magudanan jiragen ruwa suna buɗe a wannan lokacin, amma ka tambaya tukuna. Kuma ka duba dalmar da kake ɗaura wa zare, an haramta yawancin ƙananan tun 1987 saboda manyan agwagin ruwan nan masu dogon wuya suna haɗiye su suna mutuwa.

Maman Biyu:
Mu a Amurka kowace jiha da nata lasisin, na wannan jiha ba ya yi maka aiki a waccan, sai dai a wasu ruwayen da ke kan iyaka. Maigidana ne mai son abin, ni 'yar rakiya ce. A Kalifoniya daga shekara 16 ake buƙatarsa, amma idan kana kan gadar jama'a da ta kutsa cikin teku ba ka buƙatar komai. Ranar da muka je, ƙaninsa ya ga gadar ta cika, ya sauka kan yashi ya ci gaba da jifa. Taku kaɗan ne tsakani, amma dokar ta canja. Wani mai fatsa ne ya ƙwala masa kira ya dawo sama kafin jami'i ya gan shi. Ko a kan gadar ma sai ka auna kifin, wanda bai kai tsawon da aka ƙayyade ba ruwa zai koma.

Baban Yara:
Hajiya, wato ma'auni ma sai an tafi da shi?

Maman Biyu:
Sosai kuwa. Tef ɗin awo na ɗinkina ne ya koma jakar kifi, har yau bai dawo ba.

Ɗalibi a Jamus:
Ku kam kuna cikin sauƙi. A yawancin jihohin Jamus ba a sayar maka da lasisi sai ka zauna jarrabawa. Na yi makonni ina haddace kamannin kifaye, da lokacin da aka hana taɓa kowanne, da yadda ake sumar da kifi kafin a yanka shi don kada ya wahala. Wallahi na fi shan wuya a kanta fiye da wasu darussan jami'a, ga shi da Jamusanci. Bayan ka ci, har ila yau sai ka sayi takardar izinin ruwan da za ka je, kamar dai yadda Baba Tsohon Masunci ya faɗa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a nan fita da niyyar kama kifi don nishaɗi kawai ka sake shi yana iya jawo maka matsala a ƙarƙashin dokar kare dabbobi, domin ana ganin ka azabtar da shi ba dalili.

Mai Fatsar Asuba:
Ikon Allah! Mu kuma a tafkunan lambunan birnin New York sakin kifin ne dole. Duk abin da ka kama sai ya koma, ko da ya kai cinyarka girma. Ƙugiyar ma marar ƙayar baya ake so, don a zare ta ba tare da an yaga bakin kifin ba. Ni filaya nake sa wa in danne ƙayar. Da farko na ɗauka shirme ne, mutum ya yini a rana ya koma gida hannu rabbana. Sai da na lura da yawan mutanen da ke zagaye da ɗan ƙaramin tafki ɗaya, na gane da kowa zai tafi da biyu, cikin wata guda ko ƙwaɗo ba za a samu ba. Kuɗin lasisin ma ba ɓata suke yi ba, da su da harajin kayan fatsa da wata dokar tarayya ta 1950 ta tanada ake kula da ruwan ana zuba ƙananan kifaye.

Abu Safiyya:
A Ontariyo ta Kanada mazauna ƙasa daga shekara 18 zuwa 64 ne ke sayen lasisi, kuma an raba lardin yanki 20, kowanne da lokacinsa da adadinsa. Nawa kuskuren a kan koto ne. Na gama, na ɗaga bokitin ƙananan kifayen da suka rage zan juye a ruwa, a zatona tausayi nake yi musu. Abokin tafiyata ya riƙe hannuna. Haramun ne ka zubar da shi cikin ruwa ko ƙasa da mita 30 daga gaɓa, saboda kifayen da ba 'yan asalin ruwan ba da cututtuka ta nan suke shiga. Allon ƙofar lambun ma ya rubuta, ni ne ban tsaya na karanta ba.

Tsohon Masunci:
Allon nan shi ne kowa ke wucewa. Lokacin rufe ƙofa, hana kunna wuta, hana kwana, inda aka ware wa masu ninkaya, duk suna jiki, kuma lasisi ba ya ɗauke maka ko ɗaya. Wani abu kuma, Malam, tunda da yara kake zuwa: kada ka bar fatsa a ruwa ka bi su wurin lilo. Barin ta ba mai tsaro laifi ne a Ingila.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Jiya na koma na ɗauki hoton allon, na kira lambar ƙungiyar. Sun ce tikitin yini sai an saya kafin a jefa ƙugiya, kuma a kan dandamalin katakon da aka yi wa lamba kaɗai ake zama, kifi kuma duk a mayar. Ƙaramin ya ce idan ba za mu tafi da kifin gida ba shi kam ba zai je ba. Babbar ta ce za ta je, amma ita za ta riƙe sanda, ni in sa tana.