Neman shawara: da me zan auna sunan tsofaffin 'yan wasa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Ina so in haɗa jerin tsofaffin 'yan ƙwallon Najeriya goma da sunansu bai mutu ba, sai ƙanena ya ce abu mai sauƙi ne, kawai in duba wa aka fi nema a Google, wa ya fi mabiya, wa aka fi kallon bidiyonsa a YouTube. Na fara bin hakan amma wallahi raina bai kwanta ba, don Muda Lawal can ƙasan jerin ya koma, mutumin da ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 1980 da muka ci Aljeriya 3-0, kuma har yau babanmu in ya ambace shi sai ya gyara zama. In ci gaba a haka ko in canza hanya?

Amsa ta 1: Wa alaikassalam. Malam canza hanya. Google Trends, shafin da ke nuna wa aka fi nema a Google, daga 2004 lissafinsa ya fara, shi kuwa Muda tun 1991 ya rasu, Allah ya jiƙansa, to ina zai samu mabiya? Waɗanda suka ga wasansa yawancinsu yanzu dattawa ne, a rediyo ma wasu suka saurara, ba su da lokacin danna waya.

Amsa ta 2: Ni dai ban ce ka watsar da intanet gaba ɗaya ba. Duba Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya, ya rasu 2012 amma duk lokacin kofin duniya sai hoton nan nasa ya dawo, wanda ya kama raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya a 1994, yaran da ba a haifa ba lokacin ma sun san shi. Sai dai kar ka ɗauki lissafin satin da mutum ya rasu, kowa nemansa ake a lokacin, duba shekaru da yawa a jere.

Amsa ta 3: Ɗan uwa ka tuna Shago ɗan dambe. Bidiyon dambensa nawa ka taɓa gani? Amma waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta riƙe sunansa har yau a bakin mutane. Je majalisar dattawa da gidan kallon ƙwallo ka tambayi manya da yara su lissafo maka wanda suka tuna ba tare da ka ambaci kowa ba, ka rubuta, sannan ka haɗa da na waya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah da babanmu zan fara, bayan la'asar.