Tunda tukwanen sun kashe kansu, me ya narkar da su?

Bakanike: Assalamu alaikum. Wani abu ya ɗaure mini kai game da tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. An ce da girgizar ƙasar 11 ga Maris 2011 ta auku, tukwanen nukiliya ukun da ke aiki, wato injinan da ke samar da zafin da ake yin lantarki da shi, sun kashe kansu nan take. To me ya narkar da su? Ni dai a sanina, in ka kashe inji hucewa yake yi.

Malamar Fiziks: Wa'alaikumus salam, Malam. Harshen wutar aka kashe, garwashin yana nan. Sandunan makamashin da ke cikin tukunyar ba sa daina fitar da zafi: da farko wajen kashi 6 cikin 100 na ƙarfinsu, bayan 'yan sa'o'i ya sauko kusan kashi 1. Kada ka raina kashi ɗayan nan, ya isa ya ƙafar da ruwan tukunya. Dole famfo ya yi ta zagaya ruwa, shi kuwa famfo sai da lantarki. Igiyar ruwan teku mai tsayin kusan mita 14 da girgizar ƙasar ta tayar ta shanye janaretocin dizal da ke ba famfunan lantarki, shi ke nan. Da ruwan ya ƙafe sandunan suka fito fili suka fara narkewa, kwansonsu ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidurojin, ita ce ta fasa gine-gine ranakun 12, 14 da 15 ga wata.

Dattijo: 'Yata, ƙara masa da batun ruwan teku. Da motocin kashe gobara aka riƙa ɗura shi cikin tukwanen don a sanyaya su, alhali an san gishiri zai lalata tukwanen har abada. An umarci shugaban tashar, Masao Yoshida, ya dakata, ya yi kunnen uwar shegu ya ci gaba. Ni a wurina ya yi daidai. Jiragen sama masu saukar ungulu da suka watsa ruwa ranar 17 kuwa, iska ta kwashe mafi yawansa.

Bakanike: To su masu riƙe da tiyon fa, Baba? Ba su ƙone ba?

Malamar Fiziks: Burbushin nukiliya ba a jinsa a jiki a lokacin, sai dai na'ura ta faɗa. Ranar 15 an auna milisibat (ma'aunin burbushin da jiki ke sha) 400 a sa'a guda kusa da tukunya ta 3, alhali abin da mutum ke sha daga muhalli a shekara bai kai 3 ba a matsakaici. Gwamnati ta ɗaga iyakar ma'aikata daga 100 zuwa 250, aka riƙa shiga bi da bi, kowa da mintunansa a ƙirge.

Bakanike: Wato ko minti 40 ba za ka yi a wurin ba ka cinye rabonka. Ni da nake ɓata sa'a guda kan noti ɗaya in ya cije!