Asabar ɗaya gare ni a Jos: Farin Gada ko Taminus?

Baƙuwa daga Kano:
Assalamu alaikum mutanen Jos. Na zo suna gidan Yayata a Rikkos, Lahadi da safe zan koma Kano. Asabar ce kawai ta rage min, Goggonmu kuma ta ce ƙafata ƙafarta, sai ta ga kasuwa da idonta. Shekaru sun ja, gwiwa na damunta, amma ba mai iya hana ta. Yaya na jego, mijinta ya ce shi kasuwar Taminus kaɗai ya sani. Ni kuwa tsarabar kayan lambu nake so: dankalin Turawa, karas, kabeji, da sitiroberin nan da muke gani a Facebook. Ina za mu nufa, ƙarfe nawa, kuma me zai kai Kano bai lalace ba? Ba na so in wahalar da tsohuwa a banza.

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rogo:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya. 'Yar uwa, in kayan lambu ne, Farin Gada za ki je, kada ma ki yi shawara biyu. Ku fita da sanyin safiya, lokacin ana sauke kaya daga motoci, ganyen latas da raɓarsa. In rana ta take, masu sari sun riga sun tsince na kirki. Ki sa wa Goggo suwaita da safa, don Jos na kan tudu wajen mita 1,200, sanyin safiyarmu ba irin na Kano ba ne, yana shiga ƙashi.

Dankali shi ne abin kai wa gida, daga wajen Bokkos da Mangu ake kawo shi. Kada ki tsaya a na saman kwando, ki ce a juye miki a ƙasa ki gani. Ki murza ɗaya da babban yatsa: in ɓawon ya saluɓe, sabon haƙa ne bai ƙosa ba, ba zai yi ajiya ba. Wanda ya yi kore ki ware shi. Kabeji kuma ki ɗaga ki ji nauyi, mai tauri kike so, kuma ki hana su ɓare ganyen waje, shi ke kare shi a hanya. Ciniki ki yi shi da fara'a. Mata da yawa a wurin Birom ne da sauran ƙabilun Filato, Hausa suke yi tsaf, ki gaishe su da "Mama, ina gajiya" kafin ki taya. Gyara ma sai kin ce ya isa.

Goggo ki nema mata benci a rumfa ɗaya, ki ɗauki yaro mai baro, ke ki yi zagayen.

Dattijon Gangare:
'Yata, abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, amma ni ban yarda a ajiye Goggo a benci a gama ba. Tsohuwar da ta ce sai ta ga kasuwa, ba kabeji take nema ba, mutane take son gani. In kun gama da Farin Gada ku hau keke ku bi ta Taminus. Babbar kasuwar ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, mu da muka yi ciniki a cikinta har yau in mun wuce sai mun kawar da kai. Daga Bauchi, daga Kano, har daga Kudu ake zuwa sari a wurin. Ki nuna mata, wataƙila ta san ta a zamaninta.

Sannan ba wanda ya ambaci acha. Ki auni mudu biyu ko uku, ba ta lalacewa, kununta kuma ya dace da mai jego da tsohuwa duka. Sai dai a rege ta da kyau saboda yashi. In kun ga atili ku saya, a jiƙa a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba. Kayan sanyi na gwanjo kuma sai kasuwar Katako.

Direba, tashar Bauchi Road:
Anti, batun hanya nawa ne. Kada ki ƙulle kayan lambu a leda, ki sa a buhun algarara ko kwando, iska na shiga. Da mun wuce Saminaka zafi ya fara, abin da ke leda gumi zai yi. Dankali a ƙasa, karas a tsakiya, kabeji a sama. Sitiroberi daga wajen Vom ake kawo shi, kuma ba ya son matsi ko kaɗan. Kada ki wanke, kada ki ba mu mu sa a but, ki riƙe shi a cinya.

Baƙuwa daga Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun je mun dawo. Baba, maganarka ce ta fito: Goggo ta ƙi benci, ita ta yi cinikin dankalin, ta sa aka juye kwando biyu kafin ta yarda. Matar da ke sayarwa ta riƙe hannunta suna ta hirar jikoki, ta ƙara mana koren wake kyauta. A Taminus ta sa mai keke ya tsaya, ashe nan aka sayo kwanukan auren Ummanmu. Acha mun auno, Yaya ta sha kunun da daddare. Sitiroberin dai yaran gida sun cinye rabi, gobe da asuba zan ga ko sauran zai kai Kano. Malam direba, motar farko ƙarfe nawa take tashi?