Ga aiki ga abinci, amma ban san inda na dosa ba

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Akwai tambayar da na kasa yi a gida, wato ina na dosa a rayuwa, don na san amsar da za a ba ni: "Ka gode wa Allah." Na gode kuwa. Kimiyyar noma na karanta. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci mana kusan wata tara, na 2022 ya ƙara wata takwas, har ƙannena suka kusa cim mini. Bayan bautar ƙasa kawuna ya ce in zo shagonsa a Kantin Kwari. Ina nuna shadda, ina lissafin dila, ina rubuta bashin 'yan Nijar da 'yan Chadi. Ban rasa komai ba. Amma in la'asar ta yi, 'yan dako suka fara kwasar kaya, sai in ji kamar riƙon rayuwar wani aka ba ni. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba mu labarinsa. Nasiha kam na sha ta.

Baba Mai Fansho:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, kai ka yi sa'a ta zo maka da ƙuruciya. Ni sai da na cika shekara 35 a aikin gwamnati, aka yi mini walimar ritaya, sannan ta same ni. Washegari na yi wanka, na sa babbar riga, na kafa hula, sai da na kai soro na tuna babu inda ake jira na. Na koma majalisar unguwa. Daga hantsi zuwa azahar siyasa, daga la'asar zuwa magariba maimaita abin da aka ji a rediyo daren jiya. Jikina ya fara ciwon da likita bai gano kansa ba.

Wata rana matar wani maƙwabcina da ya rasu ta aiko ɗanta da takardu cikin leda, duk sun sha mai, wai an ce su kawo wasu shaidu kafin a biya haƙƙin mamacin, su kuwa ba su san ta ina ake farawa ba. Na baje su a tabarma, na ware takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar rasuwa, na rubuta musu wasiƙa, na gaya wa yaron teburin da zai fara zuwa da wanda zai bi baya. Kafin wata ya zagayo an san soron gidana. Yanzu da safe akwai benci a ƙofa: mai cike fom, mai takardar gado, mai neman a rubuta masa koke. Ba na karɓar ko kwabo. Sanin yadda fayil ke tafiya daga tebur zuwa tebur, abin da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba, shi ne yau ke tashe ni da wuri.

Na Kurna:
Ku yi haƙuri, ni dai gaskiya zan faɗa: wannan tambayar masu ƙoshi ce. Acaɓa nake yi har aka hana ta a Kano a farkon 2013, na koma adaidaita sahu, kuma har yau ba tawa ba ce. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, in na fito daga Kurna na nufi Bata lissafi ɗaya ke kaina: kuɗin mai, balas ɗin maigida, sai abin da ya rage na cefane. Ina na ga lokacin tambayar inda na dosa? Inda fasinja ya ce nan na dosa. Ɗan'uwa, kana cikin inuwa a Kwari, ka riƙe da hannu biyu.

'Yar Fagge:
Yaya Na Kurna, Allah Ya buɗa, amma ban yarda da kai ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a aikin dare na ji wannan magana daga bakin attajiri, na ji ta daga bakin mai tallan ruwa. Yunwa ba ta kashe ta, danne ta take yi.

Ni mahaifina ne ya zaɓa mini jinya, Allah Ya jiƙansa, lissafi nake so. Ƙawayen da muka gama tare da yawa sun tafi, wasu Saudiyya, wasu Ingila. Na haɗa takarduna tsaf, suna nan cikin akwati. In na fito aiki a gajiye, albashi ya ƙare tun tsakiyar wata, sai in ce gobe zan tura. In kuma wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce "'yar nan, ke nake so ki canja mini ruwan nan", sai in fasa. Har yanzu ban yanke ba, kuma na daina jin kunyar hakan.

Abu ɗaya, Ɗan Gwammaja: in abin ya kai ba ka barci, abinci ya fita ranka, ba ka son ganin mutane har makonni, wannan ya wuce tunani, ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa. Akwai sashensa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne.

Maman Hanifa:
Mu mata ba a ma tsammanin za mu yi irin wannan tambaya. An yi mini aure ban gama firamare ba. Raino, girki, wanki, har na aurar da autata. Ranar da aka kai ta ɗaki na dawo na dafa tuwo tukunya guda kamar kullum, daga ni sai Malam. Islamiyyar matan aure na fara shiga, daga nan wata maƙwabciya ta ja ni ajin yaƙi da jahilci, irin na hukumar ilimin manya da aka kafa tun zamanin Rimi a 1980. Jikata ke duba mini aikin gida, tana dariyar rubutuna. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, matan layinmu masu sayar da awara da ɗanwake suka koma karɓar tiransifa, ga shi ba su iya karanta saƙon banki ba. Sai a miƙo mini waya ta katanga: "Maman Hanifa, duba mana, ya shigo?" Yanzu bayan azahar ina da ɗalibai a tsakar gida.

Almajirin Ƙoƙi:
Asalin amsar a wajenmu sananniya ce, tana cikin Suratuz Zariyat, aya ta 56: don bauta aka halicce mu. Sai dai sanin wannan bai hana ni ruɗewa ba. Na sauke, na haddace, na wayi gari ina ɗan shekara ashirin da wani abu ba ni da sana'a, sai jiran a kira ni saukar Alƙur'ani. Na je wa malamina da kuka. Ya ce in yi istihara, ya kuma ce kar in kwanta jiran mafarki, in yi shawara in motsa ƙafa. Shi da kansa ya kai ni wajen wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran waya a Farm Centre. Na daɗe ina share tebur da miƙa sukundireba kafin a bar ni in taɓa allon waya. Yau da safe darasu, da rana gyara. Zuciyata ta fi kwanciya da karatun ma, tun da na daina ci da shi.

Mai Riɗi:
Ni banki na bari, inda ake ɗora mana nemo masu ajiya, na koma Dawanau harkar riɗi da zoɓo. A gida an yi wata guda ba a yi mini magana sosai ba, wai na ajiye kwat na ɗauki buhu. Ba zan ce maka tambayar ta tafi ba, takan leƙo in kasuwa ta faɗi. Amma digirinka ya ja hankalina. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a ajiya. Kullum muna fama da danshi da ƙwari a sito, kuma masu ilimin abin ba sa zuwa inda muke. Ka ɗauki ranar da shago ba ya cika, ka zo ka zaga rumfuna ka gani da idonka. Ba lallai ka bar Kwari ba. Sai dai kawu ya fara ji daga bakinka, kar wani ya riga ka.

Na Kurna:
Anti 'Yar Fagge, na ji, ban ce kin yi ƙarya ba. Ni ma akwai abin da ke hana ni barci: babban ɗana ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ba na so ya gaji kan adaidaita, kuma ban san ta inda ake bi a nemi tallafin karatu ba. Baba Mai Fansho, zan turo maka saƙo ta gefe. Ranar Asabar kana zama a soron?