Sha takwas ga Disamba, kowa ya kawo baitinsa

Mushe Mai Ritaya (Zariya):
Salamu alaikum 'yan fada, ina wuninku ina ɗari. Ni dai tun asuba sanyi ya hana ni komawa barci, hazo ya rufe gari ko itatuwan bakin gulbi ba a gani, ga shi gobe fet ce ba lakwal ba buro, sai na ce bari in tsokano ku. Gobe 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar. Doka tana nan yadda muka saba, mai amsawa ya amsa da waƙa, kuma kar wani ya kawo muna tarihin ƙarya don kawai ƙafiya ta zauna mishi. Bismilla.

Kaka ta wuce, dami ya shige rumbu,
Hunturu ya sauka, ga mu Disamba.
Yara ku riƙe sha takwas ga watan nan,
Ranar da ba za mu bari ta ɓace ba.
A 1958 wakilai suka taru Yamai,
Suka ce Jamhuriya, ba yankin gwamna ba.
Diori Hamani ya riƙe gwamnati,
Bubu Hama majalisa, ba a yi gardama ba.

Jikan Sawaba (Bagalam):
Baba Mushe barka da ɗari, amma fa kai ka kafa doka kai ka fara taka ta kkkk. Wai ba a yi gardama ba?? Kakana har Allah ya karɓi ransa in aka ce 18 ga Disamba sai ya juya ma rediyo baya, mu muna yara muna gudu zuwa kallon defile shi yana zaune zaure yana jan tasbaha kamar an yi mishi rasuwa. Ka yi haƙuri Baba ga tawa.

Mushe da girmanka ka tsallake layi,
Ka fara Disamba ka bar Satumba.
28 ga wata aka jefa ƙuri'a,
De Gol ya ce i ko a'a, bai ba da ta uku ba.
Djibo Bakari ya ce a'a muke so,
'Yanci yanzu, ba sai an jima ba.
Sai aka kawo gwamna Kolombani,
Ya jawo sarakai jika, bai ɓoye ba.
I ta rinjaya, Djibo ya sauka,
Gine ta wuce, mu ba mu wuce ba.
1959 aka haramta jam'iyyar,
Giwar RDA ta take raƙumin Sawaba.

Mushe Mai Ritaya (Zariya):
Hhhh ɗan nan ka kama ni hannu cikin tukunya. Ƙafiya ce ta ja ni, na karɓa. Gardama kam an yi ta, ai majalisar ma da ta zauna ran 18 ɗin sabuwa ce fil, ran 14 ga Disamba aka zaɓe ta bayan an rushe ta da, kwana huɗu kawai tsakani. Shekara talatin da ɗori ina koyar da wanga darasi a klas kuma kullum yara sai sun haɗa ranar Jamhuriya da ranar 'yanci, har manya ma, to bari in raba muku su.

Ɗan nan ka kama ni, ka faɗi gaskiya,
Jamhuriya ce amma da igiya,
Soja da kuɗi da hulɗar duniya,
Suna hannun Faris, mu sai biyayya.

Amma da rarrafe yaro ka koyon tafiya,
Kusan wata 20 muka yi bisa hanya,
3 ga Agusta 1960 aka kwance igiya,
Ran nan ne kowa ka dasa bishiya.

Jikan Sawaba (Bagalam):
An kwance ko an dai sassauta Baba? Sefan da ke aljihuna ya ce in tambaye ka. Amma na bari haka nan kar a ce ban da kunya.

Hajiya Mai Fura (Ali Ɗan Tsoho):
Kai ku maza da siyasarku ta kaka da kakanni, ni ba a haife ni ba lokacin, abin da idona ya gani shi zan faɗa. Lokacin da fet ta zagayo garinmu Maradi, Doso ta yi tata 2014 mu muka karɓa 2015, daga mu sai Agadas sai Tawa sai Damagaram. Ku da kuka manta ni ban manta ba don sati guda ban yi barcin kirki ba, ni da ɗiyata da 'yar aikina muna daka muna damu har hannu ya kumbura.

Ku bar ni da 58, ban gani ba,
2015 na gani, gari duk fitilu.
An shimfiɗa gudro, an shafe bango,
Manya sun zo da rawuna ƙulu-ƙulu.
Na saida fura har gero ya ƙare,
Ruwan sha ma ba ko ɗigo a tulu.
Aka sa mata suna Maradi Kwalliya,
To kwalliyar ta biya kuɗin sabulu?

Wanda ya san amsa ya ba ni, don fitilar ƙofar gidana dai ta daɗe da mutuwa ba wanda ya waiwaye ta.

Kabu-kabu Ba Birki (Sura Bildi):
Inna Hajiya wannan tambayar tawa ce wlh, ba wanda ya kai mu sanin titi.

Inna Hajiya ni zan ba ki lissafi,
Ni da babur muka san kowace hanya.
Kafin fet ɗin yashi ka kada mu,
Kowane wata sai na canza taya.
Inda gudro ya bi wallahi an huta,
Inda bai bi ba, damina sai ambaliya.
Rabin sabulun dai ya fito Inna,
Sauran rabin ki tambayi masu kwalliya.

Malam Na Limanci:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Tun ɗazu ina karantawa ina murmushi, kowa ya ja ranar nan gidansu kamar naman layya. To nima ga rabona, don ranar ba ta Nijar kaɗai ba ce.

Kun yi ta siyasa kun bar Larabci,
Ga shi ran nan aka ba shi mutunci,
1973, bayan dogon naci,
Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi adalci.

Harsuna biyar ne da, akwai Turanci,
Faransanci, Rashanci, Sinanci, Sifaniyanci,
Na shida ya shigo, shi ne Larabci,
2012 UNESCO ta ƙara mai karamci.

Mu ko tun Nasara bai zo da zalunci,
Da baƙaƙensa muke rubutu nan Limanci,
Ajami, wasiƙar sarki da ta fatauci,
Yau wanda bai yi lakwal ba, wai shi ke jahilci.

Mushe Mai Ritaya (Zariya):
Allah gafarta Malam wannan kibiyar ta ƙarshe na ga inda ta nufa, ni dai na duƙa ta wuce. Ai ni ma da allo na fara kafin a kama ni a kai lakwal ina kuka.

Ɗiyar Mokoyo:
Slm iyayena da yayyena. Ni ban iya waƙa sosai ba ku yi mini uzuri, muna cikin shirin jarrabawa a jami'a kai ya ɗau zafi, amma akwai wadda ba wanda ya taɓo kuma ita ta fi tsaya mini a rai duk cikin abubuwan ranar nan. Ran 18 ga Disamba ne aka yi shelar cewa gyaran tsarin mulkin Amurka da ya soke bauta ya zama doka.

Baba Mushe ga tawa daga nesa,
Amurka, 1865, aka soke bauta.
Yaƙin basasa shekara huɗu suka sha,
Kudu ta ce bayi dukiyarta.
Gyara na 13 ya shiga tsarin mulki,
Mutum wajen miliyan 4 aka 'yanta.
Lincoln da ya tura bai ga ranar ba,
Tun Afrilu aka harbe shi, ya bar ta.
Amma kar mu nuna Amurka da yatsa,
Tamu dokar sai 2003 aka rubuta.
2008 kotun CEDEAO ta zauna Yamai,
Wadda aka saida ta yi ƙara, aka share hawayenta.
Har yau akwai inda ake cewa wahaya,
Mata ta biyar, ba sadaki, ba gado, ba gata.

Hajiya Mai Fura (Ali Ɗan Tsoho):
Wai ba ki iya ba! Ɗiyata Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa, kin faɗi abin da manya ke tauna suna haɗiyewa. Ki biyo gobe ki sha fura kyauta.

Ɗan Barsa (Sabon Gari):
Kai jama'a fada ta yi sanyi kamar gidan makoki, bauta, mulkin mallaka, ƙuri'a, haba. Ba wanda ya tuna 18 ga Disamba 2022?? Ƙarfe huɗu na yamma muka jera benci gaban tele ɗin mai shayi muna addu'a kar kuran ya ɗauke, har mun haɗa kuɗin esans an aje grup a gefe ko da tsiya.

Ku kun cika tarihi mai sa kuka,
Ni 2022 na riƙe, yammacin wasa.
Lusail ta Katar, ranar bikin ƙasarsu,
Ajantina ta kara da Faransa.
Messi da Di Mariya, biyu ba ko ɗaya,
Muka ce an gama, zakara ya sha ƙasa.
Mbappe ya farka, minti biyu ƙwallo biyu,
Mai shayi ya juye na biyu bisa rigarsa.
3 da 3 har ƙarin lokaci ya ƙare,
Ladan na kiran magariba, tashi muka kasa.
Penalti 4 da 2, Messi ya ɗau kofi,
Aka yafa mai alkyabba kamar sarkin Hausa.

Malam Na Limanci:
Wato da bakinka kake faɗin ladan ya kira kun kasa tashi, kuma a gabana. To na rubuta, mu haɗu masallaci.

Jikan Sawaba (Bagalam):
Kkkkk Malam a yi mishi afuwa, ni ma ina kan bencin nan. Ɗan Barsa ka tuna mini, wlh ranar sai da na tuna tsohon nan.

Shekara 64 cif bayan 58,
Aka ce ma Faransa a'a da ƙafa, ba da ƙuri'a ba.
Kaka da ka kai yammacin nan gaban tele,
Da ka yi fet ran nan ko kana ɗan Sawaba.

Ɗan Ci-rani (Tamanrasset):
Slm 'yan gida. Sai yanzu rezo ya kama, sha biyun dare ta wuce ke nan ranar ma ta shigo, na karanta duka daga sama har ƙasa na yi dariya ni kaɗai cikin kango har abokin kwanana ya ce ko aljanu ne. Inna Hajiya kin sa ni kwaɗayin fura, nan sai burodi da taliya. Ni ma ashe ina da rabo a ranar nan, a rediyo na ji wai 18 ga Disamba ita ce ranar 'yan ci-rani ta duniya, a 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙinmu mu da iyalanmu a irin wannan rana, a 2000 kuma ta ce duk shekara a riƙa tunawa. Mu dai da ke nan ba wanda ya zo ya gaya muna, patron ma cewa ya yi bakwai na safe in same shi a shantiye.

Kuna shirin fet, ni ina bayan Sahara,
Ɗari na ci na, ba ko wutar kara,
Kwaɓa siminti tun safe har tara,
In aika gida a sai gero a ƙara.

Takarda tana can, an sa hannu an tara,
Mu nan in an kama ka ba ka da ƙara,
A loda a kamiyo, a kai iyaka a tura,
Kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka cikin ƙura.

Ku tuna 2013, mata da yara,
Mutum 92 aka ƙirga a Sahara,
Mota ta mutu, ba ruwa ba mai gyara,
Ba mai musu defile, bana ko bara.

Sannan don Allah wanda ke kusa ya taimaka, yau kwana tara wayar Innarmu ba ta shiga, ban sani ba ko caji ne ko ta sake jefa ta cikin ruwa, kuma na aika 'yan kuɗi ta hannun wani direba ban ji ko sun isa ba.

Mushe Mai Ritaya (Zariya):
Ɗana Allah ya tsare ya maido ku lafiya. Na shirya baitoci kan Verdun, yaƙin Faransa da Jamus da ya ƙare 18 ga Disamba 1916 bayan wata goma ana ɓarin wuta, har da baƙaƙen sojan da aka kwasa daga ƙasashenmu aka kai cikin wancan sanyi, da kuma Steve Biko na Afirka ta Kudu da aka haifa ran nan a 1946, amma bayan naka sai na ji nawa sun yi mini nauyi a baki, na aje su sai baɗi in da rai. Biyu kawai zan ba ka.

Sanyin da kakanni suka sha a Turai,
Jika na shan irinsa a bayan Sahara.
Su bindiga aka ba su, kai ko shebur,
Inna dai na ƙofa tana ƙirga shekara.

Kabu-kabu Ba Birki (Sura Bildi):
Yaya kwantar da hankalinka, ai ni na kai ka tasha ranar da ka tafi, na san unguwar.

Da an sallame asuba zan tada babur,
Kafin jandarma su tare hanyar defile.
In wayar ce ta mutu in ara mata tawa,
Ka ji muryarta kafin ka shiga shantiye.

Na san ƙafiyar ba ta zauna ba Baba Mushe, barci nake ji. Yaya gidan dai shi ne mai ƙofar langa-langa shuɗiya bayan injin niƙa ko, ko wanda ke kallon pampo?

Ɗan Ci-rani (Tamanrasset):
Mai kallon pampo. Ka buga da ƙarfi, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.