Neman shawara: bincikena kan ruɓewar haƙoran yara ya cije

Salamu alaikum 'yan uwa. Ɗaliba ce ni, ina aikin kammala karatu kan ruɓewar haƙoran nono ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 a ƙauyukan Argungu. Na duba bakin yara da rani, da na koma bayan wata shida da yawa ban same su ba, iyayen sun tare a fadama wajen shinkafa. Uwaye ba su riƙe shekarun yara ba. In na tambayi zaƙi sai a ce "ba ya shan alawa", alhali kunun da ke hannunsa ya sha sukari. Wasu kuma su ce ai haƙorin nono ne, zai faɗi. Abin yana damuna ƙwarai. Ya zan yi?

Ma'aikaciyar asibitin karkara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara da mai gari da magidanta, sannan ki haɗa dubawarki da ranar rigakafi, lokacin uwaye suna wuri ɗaya. Shekaru kuwa ki lissafa da sallah ko damina. Kada ki ce "yana shan zaƙi?" Ki ce "me ya ci jiya tun daga asuba?"

Likitan haƙori: Malama, ki rubuta sau nawa yaro ke shan zaƙi a yini, ba yawan sukarin kaɗai ba. Duk kurɓa ɗaya, ƙwayoyin cuta na baki suna mai da sukarin sinadari mai tsami da ke cin haƙori. Kafin rami, farin tabo ke fitowa kusa da dasashi, kuma sai kin tsane haƙorin da auduga a cikin haske za ki gan shi. In ramuka kaɗai kika ƙirga, kin bar rabin labarin. Ki rubuta ruwan da gidan ke sha, domin fuloraid (sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa) na rijiya da na burtsatse ba lallai ya zo ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 yara miliyan 514 a duniya ke da ruɓewar haƙoran nono, amma na ƙauyukanmu sai irinku sun auno.

Wata uwa daga Jega: 'Yata, gaskiya mun gaji da masu buɗe bakin yaro su rubuta su tafi. Wanda kika ga rami, ki faɗa wa uwarsa inda za ta kai shi. Ni sai a ɗana na uku aka nuna mini man goge baki daidai ƙwayar shinkafa ake sa wa ƙaramin yaro.

Mai tambaya: Na gode Inna. Ranar rigakafi mai zuwa zan je da buroshi in gwada musu.